Jinin mutum ko walkin tsoho?

Wani mai karatu daga Nguru ya aiko da tambaya: "Malam, na ga wata ciyawa a jigawa, gajeriya, jikinta duk gashi mai kaushi, furenta ƙanana ruwan ɗorawa. Wani dattijo makiyayi ya ce sunanta jinin mutum, abokina kuma ya dage walkin tsoho ce. Wa ya yi daidai, kuma ina jini a jikin ciyawa?"

Ɗan'uwa, dattijon ne da gaskiya. Da ka tumɓuke ta da ba ka tambaye ni ba, don sunan yana ƙarƙashin ƙasa. Saiwarta ja ce wur. Murza ta tsakanin yatsu ka gani, sai ka rantse kaifi ne ya yanke ka. Har rini ana yi da ita. Masana tsirrai na kiranta Arnebia hispidissima, kalmar ta biyu kuwa a Latin "mai tsananin kaushin gashi" take nufi. Su gashin suka duba, Bahaushe ya tona ƙasa. Ciyawa ce ta shekara guda, tana fitowa a rairayi tun daga nan har Sudan, Masar, Arebiya da Indiya.

Abokinka ma kada ka yi masa dariya, tsirran biyu dangi ɗaya ne, sai dai kama da wane ba ta wane. Walkin tsoho, wato Trichodesma africanum, ya fi ta tsawo da faɗin ganye, furensa kuma fari-fari ne. Wasu na ce masa walkin wawa. Yaran yanzu ba su san walki ba: fata ce da maza ke ɗaurawa a ƙugu, irin ta maƙera da 'yan dambe. In ta tsufa ba ta ga mai ba, sai ta bushe ta ƙandare tana kartar cinya. Shafa ganyen da bayan hannu, za ka yaba wa wanda ya raɗa sunan.

A ƙamus ɗin tsirran Hausa da Likita Dalziel ya fitar a 1916 za ka ga "tsofo" maimakon "tsoho". Ba kuskuren Bature ba ne. F ɗin ce asali, ita ce ke nan a tsufa da tsofaffi, gaban wasalin o ne ta koma h a bakin yawancinmu.