Ruwa na cika min ɗakin ƙasa duk damina, in sayi sumo ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da gida a Abuja, an gina shi a gangare, akwai ɗaki a ƙarƙashin ƙasa da na mayar sito ina ajiye dilolin atamfa. Bana duk aka yi ruwa mai ƙarfi sai ya shigo, na ƙarshen nan har ya kusa gwiwa. Ko bayan an ɗauke, sai ya yi ta tsattsafowa ta gindin bango. Mai gyaran famfo ya ce in sayi sumo irin na rijiyar burtsatse a jefa ciki. In saya? Kuma me zai hana abin sake faruwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba. Kada ka sayi wannan sumon. Amma kafin mu zo kansa, idan har yanzu akwai ruwa kwance a ɗakin, kada kowa ya sa ƙafa ciki sai an kashe wutar wurin daga babban makunni, an kuma cire layin janareta da na inbata. Mutane kan dogara da cewa ai an ɗauke wuta, su manta ana iya dawo da ita suna tsaye cikin ruwa. Idan makunnin kansa a ɗakin yake, a kira mai gyaran wuta ya yanke daga waje. Injin ban ruwa mai fetur yana kwashe ruwa da sauri, amma a waje za a ajiye shi a zura tiyo kawai, domin hayaƙinsa na ɗauke da gubar da ba ta da wari, kuma a ɗakin da iska ba ta ratsawa nan da nan take kayar da mutum.

Wajen kwashewa ma akwai lura. Ƙasar da ke bayan bangonka ta sha ruwa ta ƙoshi, tana tura bangon ciki, ruwan da ke ɗakin kuma yana tokare shi. Idan ruwan ya yi zurfi sosai aka zuƙe shi lokaci guda, bango na iya tsagewa, musamman irin namu na bulo mai rami. Shi ya sa hukumar agajin gaggawa ta Amurka, ƙasar da gidaje masu ɗakin ƙasa suka yi yawa, take ba da shawarar a riƙa kwashe kusan kashi ɗaya cikin uku a rana. Ruwan gwiwa bai kai abin tayar da hankali ba, amma duk da haka ka rage shi, ka sa alama da alli a bango, ka dawo da safe. Idan ya haura alamar, ƙasa ba ta gama amayo ruwanta ba.

Abin da ka faɗa na tsattsafowa ta gindin bango bayan an ɗauke ruwa shi ya nuna min ciwon. Ruwan da ke biyo matakala ko taga yana tsayawa da zarar sama ta tsaya. Wanda ke ɓullowa ta makwararar banɗaki da wari, sokawe ne ya cika ya yi baya. Naka ruwan cikin ƙasa ne. Lokacin gini an haƙa rami, an tayar da bango, an mayar da cikon ƙasa a bayansa, kuma ciko ba ya kai ƙarfin ƙasar asali, don haka ruwa yake taruwa a nan. Ruwan da ya kai tsayin mita 1 yana danna kowace murabba'in mita ta daɓen da ƙarfin kusan tan 1, sai ya nemi inda ya fi rauni, wato mahaɗar bango da daɓe. Irin wannan ba a toshe shi da siminti. Ka toshe nan, ya ɓullo can. Hanya ake ba shi.

Hanyar ita ce ramin tara ruwa. A kusurwar da ta fi gangara ake fasa daɓen a haƙa rami mai zurfin kamar santimita 60, faɗin kamar 45, a saka durom na roba da aka huhhuda, a zagaye shi da tsakuwa. Idan so samu ne, a sare daɓen a bin gindin bango, a kwantar da bututu mai huji-huji cikin tsakuwa, ya gangaro ya zube a ramin. Da haka ruwan zai taru ƙasa da daɓe, famfo ya fitar da shi tun bai taɓa kayanka ba.

To, sumon burtsatse ba don wannan aka ƙera shi ba. Dogo ne siriri, bakin da yake shan ruwa yana tsakiyarsa, sama da injin, don haka ba zai iya kwashe ruwa mara zurfi ba. Ruwan da ke wucewa ta jikinsa ne yake sanyaya shi, kuma ruwa mai tsabta yake so. Ka ba shi laka da yashi, ko ya yi gudu a bushe, ya ƙone. Wanda za ka nema shi ne gajeren nan mai kauri da ke zama a gindin rami yana shan ruwa ta ƙasa, na ruwan datti, mai fulot, wato ƙwallon robar da ke tashi da ruwa ya kunna famfon, ya sauka ya kashe shi. Mai ƙarfin rabin doki ya ishi yawancin gidaje. Kada lambar da aka buga a kwali ta ruɗe ka, yawanci adadin da yake turawa ne a shimfiɗe. Ka sa mai shago ya nuna maka nawa yake turawa idan zai ɗaga ruwa mita 3 ko 4 sama. Kana kuma iya auna buƙatarka da kanka: a rami mai faɗin santimita 45, kowace santimita lita 1.6 ce. Ranar da aka yi ruwa sosai, ka kashe famfon minti guda ka ga inda ruwa ya kai. Idan ya hau santimita 10, lita 16 ke nan a minti, kusan 1,000 a awa. Ka ƙara rabin wannan a kai don ko-ta-kwana.

Ƙananan abubuwa ne ke kashe aikin, kuma su ne masu haɗawa ke tsallakewa. A ɗora famfon kan bulo don kada ya riƙa shan taɓo. A sa bawul mai hana ruwa komawa baya a jikin bututun, in ba haka ba duk ruwan da ke cikinsa zai koma rami da zarar famfo ya tsaya, ya yi ta kunna kansa yana kashewa har ya gaji. Tsakanin famfon da bawul ɗin a huda ɗan huji kamar milimita 5, yana kallon cikin ramin, don kada iska ta maƙale ka ji inji na kuka ruwa ba ya fita. Sai fulot: mai doguwar igiya yakan jingina da jikin durom ya maƙale, ruwa ya haura kansa famfo na kwance shiru. Ka sa hannu ka ɗaga shi ka sauke a gaban mai haɗawa, ka tabbatar ba abin da yake gogawa. Soket ɗinsa ya zama can sama, shi kaɗai, da makunnin kariya mai yanke wuta idan ta zurare cikin ruwa.

Wuta ita ce babbar damuwata. Kowa ya sani a ƙasar nan hadari na haɗuwa ake ɗauke ta, wato a daidai lokacin da ake buƙatar famfon. Janareta sai da mai tayar da shi, ruwan Agusta da Satumba kuwa ba ya jiran gari ya waye. A ganina wanda ya kashe kuɗi kan famfo bai tanadar masa batir ba bai gama aiki ba. Ko ka haɗa shi da inbata mai ƙarfi, tunda wajen tashi yana jan wuta ninkin abin da yake ci yana gudu, ko ka sa ƙaramin famfo na biyu mai batir nasa, a ɗaga shi kaɗan sama da na farko, ya karɓi aiki idan wancan ya gaza. Ƙararrawa mai kuka idan ruwa ya wuce iyaka ba ta da tsada, kuma ta fi maigadi saurin farkawa.

Inda ruwan zai zuba ma magana ce. Ba sokawe ba, zai cika shi ya dawo maka da ƙazanta. Ba jikin gida ba, wannan kamar mai kwarfe kwalekwale ne yana juye ruwan a cikinsa. A ja bututun har kwatar bakin titi, ko aƙalla mita 3 daga tushen gini ta ɓangaren gangara, ba kuma kan katangar maƙwabci ba.

Yanzu ka fita waje ka ɗaga kai. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Rufi mai murabba'in mita 200, idan aka yi ruwan milimita 50, ya zubar da lita 10,000, tankin ruwa babba guda ko biyu. Idan indararonka a gindin bango yake zuba, mafi yawan abin da famfon zai yi ta fama da shi daga rufinka ya fito. A tara shi a bututu a kai kwata, ko a tanki. A gyara ƙasar da ke kewaye da gidan ta gangara waje, kamar santimita 15 a mita 3 na farko, a duba ko intalok ya lotsa ya koma yana kai ruwa jikin bango. Tunda a gangare kake, kwata ta ɓangaren tudu da za ta tare ruwan unguwa ta kewaya da shi tana rage abu mai yawa. Sau da dama wannan aikin na birkila ya fi famfon tasiri, ya kuma fi shi araha.

Fentin hana ruwa da ake shafawa ta ciki yana taimakon danshi kaɗan, amma matsin ruwa zai ɓamɓare shi. Gyaran gaskiya ta waje ne: a tone bayan bango, a liƙa shimfiɗar kwalta, a sa bututu mai huji da tsakuwa. Aikin rani ne, sashe-sashe, da injiniya a tsaye, don tone tushe da damina haɗari ne.

Atamfar da ta jiƙe a fito da ita yau, funfuna kan fara kamawa cikin kwana 1 zuwa 2. A wanke lakar daɓe da bangon ɗakin da sabulu tukuna, sannan a bi su da ruwan bilic, a buɗe ƙofa a sa fanka. Bulo yakan yi makonni bai bushe ba, kada a yi gaggawar fenti. Kayan da za su koma ciki a ɗora su kan kanta, rabin mita daga ƙasa. Kafin ruwan farko na Afrilu, ka buɗe ramin, ka kwashe taɓon gindinsa, ka juye bokiti biyu ko uku ka ga famfon ya tashi da kansa ya tsaya da kansa, sannan ka kashe wutar gidan ka sake gwadawa a kan batir.