Alhaji, kayan banki sun yi wa shagon Singa yawa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sarin kayan masarufi a Kasuwar Singa da ke Kano. Da shago ɗaya na fara, da ƴar maifai guda da ke ba kwamfutar lissafi da wayoyin yara intanet. Yanzu shaguna biyu ne da sito a bayansu, yaran shago da akawu sun kai 22, ga kyamarorin tsaro 16, kuma ina shirin buɗe reshe a Dutse. Wani injiniya ya rubuto min lissafin kayan haɗa kwamfutoci, har da akwatin ƙarfe mai tsayin mutum da saba, wato babbar kwamfutar ajiye bayanai, da kayan kamfanin Cisco, ya ce irin na bankuna ne. Kuɗin ya tayar min da hankali. In saya, ko in ƙaro maifai biyu in huta?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kada ka yi ko ɗaya cikin biyun. Kasuwancinka ya wuce maifai, amma bai kai ga abin da aka rubuto maka ba.

Ƴar na'urar da kake amfani da ita aiki uku take yi a cikin akwati ɗaya: ta kamo sabis daga MTN ko Airtel, ta raba wa kowace na'ura lambarta, ta watsa waifai. Ga mai shago ɗaya da na'urori goma ko ƙasa da haka, ta wadatar. Da mutane suka ƙaru sai ta fara haki. Ga kuma bangon bulo mai rodi, ga katan-katan na lemo da madara an jera har silin, duk suna shanye siginar kafin ta kai bayan sito. Ka ƙaro biyu, ka samu hanyoyi uku da ba sa ganin juna, kwamfutar sito ba za ta san abin da aka sayar a shago ba.

A matakin da kake, raba ayyukan nan ake yi, kowanne da na'urarsa. Rauta ɗaya mai karɓar layin intanet biyu, siwic mai raba waya zuwa kowane wuri, sai na'urorin waifai da ake kafawa a silin, ɗaya a kowane shago, ɗaya a sito. Kayan MikroTik ko Ubiquiti ko TP-Link na ofis duk suna yin wannan, kuma samun mai gyaransu a Kano ba wuya.

Bari mu ƙirga bakin siwic, wato wurin soka waya, da kake buƙata. Kyamarori 16, waifai 3, kwamfutoci da firinta a ce 6, ka ga 25 ke nan, siwic mai baki 24 ya riga ya cika tun ba a kunna shi ba. Ni da zan zaɓa maka, siwic biyu zan sa, ɗaya a shaguna ɗaya a sito, kowanne da rarar baki saboda gobe. Ka nemi mai PoE, wato mai tura wuta ta cikin wayar intanet ɗin kanta, wat 15 zuwa 30 a kowane baki, don kada a ja wa kowace kyamara soket daban. Wayar Cat6, wato wayar intanet ta tagulla da ake ja zuwa kowace na'ura, iyakarta mita 100. Idan sito gini ne daban, a haɗa shi da faiba, wato wayar gilashi mai aika bayani da haske, ko da tazarar ba ta kai haka ba, domin faiba ba ta ɗaukar wuta, tsawar damina ba za ta bi ta cikinta ta ƙone maka kayan gini biyu a dare ɗaya ba.

Akwai abin da ba ya cin kuɗi sai iyawa: a raba hanyar gida-gida a cikin siwic ɗin, abin da masu aikin ke kira VLAN. Kwamfutocin lissafi gidansu daban, kyamarori daban, wayoyin yara da baƙi daban, a kuma ƙayyade wa na ƙarshen abin da za su sha. In ba haka ba, yaro ɗaya da ya kwanta a kan buhu yana kallon TikTok zai sa akawu ya tsaya jiran alat ga kwastoma a tsaye.

To me ya sa na banki ya bambanta? Kamfani mai ma'aikata dubbai da rassa a jihohi hawa uku yake gina hanyarsa: siwic-siwic na kusa da ma'aikata, sai na tsakiya masu tattara kowane bene ko gini, sai manya na cibiya da komai ke bi ta kansu. Kuma kusan komai biyu ake saya, rauta biyu, na'urar tare masu kutse biyu, layin faiba biyu daga kamfanoni daban, don in ɗaya ya mutu ɗayan ya karɓa ba tare da kowa ya sani ba. Suna yin haka ne saboda minti biyar na tsayuwa asara ce babba a gare su, ga hukuma tana sa musu ido. Suna da ɗaki mai sanyi da ma'aikata masu albashi da ke gadin kayan dare da rana. Kai wa zai zauna maka? Sannan wasu daga cikin kayan, irin su Meraki na Cisco, da lasisi suke aiki, ana sabunta shi da dala, in ya ƙare ba a biya ba su daina aiki. Ka tambayi injiniyan ko ya sa wannan a lissafinsa.

Saba kuwa, sai idan manhajar lissafin kayanka ta buƙace shi, kuma sau da yawa kwamfuta ɗaya mai ƙarfi da ba a taɓa ta don wani aiki ta isa. Reshen Dutse ƙaramar rauta zai samu, a haɗa ta da ta Kano ta VPN, wata rufaffiyar hanya a cikin intanet. Kyamarorin can su riƙa naɗa a can, ka leƙa ta waya idan ka so, kada a riƙa turo bidiyon Kano dare da rana yana cinye data.

Inda nake so ka saki hannu wuri uku ne. Na farko waya. Kasuwa cike take da Cat6 da ke alminiyan ne aka shafa masa tagulla. Ka sa a kankare ɗan sili a gabanka, in fari ya bayyana a mayar. Siwic ana canza shi cikin awa ɗaya, amma wayar da aka binne a bango sai an fasa. Na biyu wuta: inbata ko UPS, wato na'urar batir mai ajiye wuta, da zai riƙe rauta da siwic yayin da ake tayar da janareto, da kariya daga wutar da ke dawowa da ƙarfi. Na uku layin intanet na biyu. Wanda ya yi kasuwa a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, ya san abin da katsewar sabis ke yi wa ciniki. Faiba in ta iso layinku, ko Starlink, intanet na tauraron ɗan adam da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, sai sim na wani kamfani daban a matsayin ko-ta-kwana.

Ka mayar wa injiniyan takardarsa, ka ce ya sake rubutawa a kan na'urori 60 da reshe ɗaya, ya ware kuɗin kaya daban, na waya daban, na aikin hannu daban. Ka kai wa wani ma ya rubuto nasa. Kuma kada ka biya cikon kuɗin aiki sai ya miƙo maka lambobin sirrin rauta da siwic da na'urar kyamarori a rubuce, tare da zanen inda kowace waya ta bi, an manna wa kowacce lamba.