Amsa ga ɗan ƙanwata mai son zama alƙali a Amurka

Ɗana, saƙonka ya iso ni lafiya. Na yi murna da ka kammala Makarantar Lauyoyi ta Bagauda, Allah ya sa albarka. Ka ce ka ji a Amurka da ƙuri'a ake zaɓen alƙali, ba sai mutum yana da uwa a gindin murhu ba, don haka kana so ka zo ka yi digiri na biyu, ka tsaya takara. Abin da ka ji akwai gaskiya a ciki, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Alƙalan tarayya dai ba a zaɓensu. Shugaban ƙasa ke naɗa su, majalisar dattawa ta amince, su zauna har mutuwa ko murabus. Zaɓe na kotunan jihohi ne, kuma kowace jiha da tsarinta. A nan Texas inda nake, alƙali yana tsayawa a ƙarƙashin jam'iyya kamar ɗan majalisa: zaɓen fid da gwani a watan Maris, babban zaɓe a Nuwamba. Alƙalin kotun gunduma, wanda ke jin manyan laifuka da rabuwar aure da rikicin filaye, shekara 4 ne wa'adinsa, sai ya sake komawa gaban jama'a.

Kafin sunanka ya hau takardar ƙuri'a sai ka zama ɗan ƙasa. Bizar ɗalibi ba ta kai mutum can. Sai ka samu takardar zama ta dindindin, wadda ita kanta doguwar tafiya ce, sannan yawanci ka cika shekara 5 da ita kafin ka yi rantsuwa. Sai lasisin lauya: Texas da New York suna barin wanda ya karanta shari'a a waje ya zauna jarrabawarsu bayan digiri na biyu na shekara guda, bisa sharuɗɗan da ya kamata ka karanta da kanka a shafin hukumar jarrabawar kafin ka biya ko sisi. Sannan a 2021 mutanen Texas suka gyara tsarin mulkinsu, suka mayar da shekarun aikin lauya da ake buƙata ga alƙalin gunduma daga 4 zuwa 8. A gida shekara 10 ake nema kafin a naɗa mutum alƙalin Babbar Kotu. Ka lissafa da kanka, za ka ga hanyar nan ba ta fi ta gida gajarta ba. Kuma ka riƙe wannan da kyau: wanda ba ɗan ƙasa ba idan ya jefa ƙuri'a a zaɓen jiha ko na tarayya, laifi ne da zai iya sa a kore shi.

Zaɓen kansa kuwa, bari in gaya maka yadda na gan shi. Ran da na fara jefa ƙuri'a a Houston na tsaya gaban na'ura ina ta juya shafi, kujerun alƙalai bila adadin, sunaye ne kawai da alamar jam'iyya. Ni da nake zuwa kotu aikin tafinta, kaɗan na sani a cikinsu, balle direban tasi ko mai jinya. Shi ya sa guguwar jam'iyya ke kwashe kowa. A 2018 jam'iyyar Democrat ta lashe duka kujerun alƙalai 59 da aka yi takararsu a gundumar Harris, inda Houston take, cikin waɗanda suka ci har da mata baƙar fata 17 sababbin shiga. Na yi farin ciki da ganinsu, domin yaran da ake kawowa kotu sun fara ganin masu kama da iyayensu a kan kujera. Amma a rana guda kuma an rasa alƙalai masu gogewa waɗanda ba a same su da laifin komai ba, illa harafin jam'iyyar da ke gefen sunansu. Daga 2020 aka soke damar danna jam'iyya sau ɗaya a zaɓi dukkan 'yan takararta, duk da haka mutane da yawa alamar suke bi.

Ɗan takara yakan zo masallacinmu bayan sallar Juma'a, ya tsaya a bakin ƙofa inda ake neman takalma, yana miƙa kati. Ba zai iya yi maka alkawarin yadda zai yanke wata shari'a ba, ƙa'idar aikin ta hana, sai dai ya ce shekara kaza ya yi yana lauya, zai saurari kowa. Abin da ke damuna shi ne kuɗi. Masu ba da gudummawa mafi yawa lauyoyi ne, su ne kuma za su tsaya gabansa gobe. A jihar West Virginia, shugaban wani kamfanin kwal, Don Blankenship, ya kashe kimanin dala miliyan 3 don wani ya ci kujerar kotun ƙolin jihar, alhali kamfaninsa na shirin ɗaukaka ƙara kan diyyar dala miliyan 50. Alƙalin ya ƙi janye jikinsa daga shari'ar, sai da Kotun Ƙolin Amurka a 2009 ta ce dole ne ya janye. To ka ga ƙuri'a ba ta kawar da ubangida ba, kama kawai ta sauya masa.

Aikin shi ne abin da nake so ka fi tunani a kai. Da safe ake kiran jerin ƙararraki, ɗaki cike, waɗanda ke tsare a fito da su cikin kaya ruwan lemo. Fiye da kashi 90 cikin 100 na shari'un laifi ba sa kaiwa ga jin shaidu. Mai gabatar da ƙara da lauyan wanda ake tuhuma ke daidaitawa, ya amsa laifi a rage masa hukunci, alƙali ya tambaye shi ko ya gane haƙƙin da ya sarayar, ko wani ya tilasta masa. Na taɓa fassara wa wani bawan Allah waɗannan tambayoyi, yana amsa "e" tun ban ƙarasa ba. Alƙaliyar ta ajiye alƙalami ta ce in sake faɗa masa a hankali, kuma ya maimaita da bakinsa abin da ya fahimta. Ashe bai san amsa laifin zai iya taɓa takardunsa na zama ba. Ta ɗage zaman don ya sake ganawa da lauyansa, ga mutane da yawa suna jiran layi. A wurina wannan shi ne alƙalanci, kuma babu mai ganin irinsa a allon kamfe.

Idan shari'a ta kai ga zama, mutum 12 daga cikin jama'a ne ke cewa an yi laifi ko ba a yi ba. Alƙali yana tsare ƙa'ida ne: wace shaida za ta shiga, wace tambaya ta wuce gona da iri, mece ce dokar da za a karanta musu. Wannan ya sha bamban da Babbar Kotun da ka sani, inda alƙali ke auna shaida da kansa ya rubuta hukunci.

Sai beli. A 2016 aka kama wata mata a nan saboda tuƙi da lasisin da ba ya aiki, aka tsare ta don ba ta da dala 2,500. Ƙarar da ta shigar ce ta sa alƙaliyar tarayya Lee Rosenthal a 2017 ta ce tsarin belin gundumar ya saɓa wa tsarin mulki. Amma alƙalin da ya saki mutum, in mutumin ya sake laifi, da shi abokin hamayya zai yaƙe shi a zaɓe na gaba, kuma yana sane da haka lokacin da yake sa hannu.

Shawarata, ka fara aiki a gida shekara biyu ko uku, ka riƙa zama a kotun majistare da Babbar Kotu kana kallon yadda alƙali ke tafiyar da ranarsa. In har yanzu zuciyarka na nan, ka nemi makarantar da za ta ba ka tallafin karatu, kada ka bari mahaifiyarka ta sayar da gona. Ka aiko min da sakamakonka na jami'a da sunayen makarantun da kake dubawa, mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Ka gaida ta, ka gaida ƙannenka.

Kawunka, daga Houston.