Fis ɗina ya yi fure ya zubar, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Sau biyu ke nan ina shuka fis, wato koren waken nan mai ƙwaya kewayayya, a ɗan filin da ke bayan ɗakina. Na farko ko ɗaya bai tsiro ba. Na biyu ya tsiro ya yi kore shar, na zuba masa kashin kaji, ya fara fure, sai furen ya riƙa kaɗewa. Ko kwanso goma ban samu ba. A ina na kuskure? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Bari in fara da shuka ta biyu, don ina zargin lokaci ne ya cuce ki. Fis ɗan sanyi ne. Ya fi jin daɗi idan zafin iska yana tsakanin digiri 13 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyas. Da zarar zafin rana ya doshi 30, fure yakan kaɗe tun bai ɗaura kwanso ba, wanda ya samu ya ɗaura kuma ƙwayarsa ba ta cika. Yawancin iri yana ɗaukar kwana 60 zuwa 70 daga shuka zuwa tsinkar farko. To ki duba watannin da suka fi sanyi a inda kike, ki ƙirga baya, ki shuka yadda furen zai faɗo a tsakiyarsu.

Kashin kajin nan ma ya ƙara wa borno dawaki. Fis dangin wake ne. In kika tuge guda za ki ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwarsa, cikinsu akwai ƙwayoyin bakteriya da ke samo masa sinadarin naitirojin, abincin da ke sa shuka yin ganye, daga iska. Kin ga yana da nasa. Da kika ƙara masa na kaji mai ƙarfi, sai ya tafi yin ganye ya bar 'ya'ya. Ruɓaɓɓen taki kaɗan a gauraya da ƙasa kafin shuka ya wadatar.

Na farkon kuwa, abu uku nake tuhuma: iri, ruwa, ɓera. Ɗanyen fis da aka ɓare daga koren kwanso bai ƙosa ba, wanda aka daskarar a firji ko aka fasa biyu kuma ba ya tsirowa. Busasshe ake nema, cikakken ƙwaya. Batun ruwa, ni kaina na taɓa jiƙa iri kwana biyu cur wai don ya yi saurin fitowa, ranar da zan shuka warinsa ne ya fara gaishe ni. In za ki jiƙa, dare ɗaya ya isa, ba dole ba ne ma. Ki binne shi zurfin santimita 3, tazarar santimita 5, a wurin da zai zauna ɗin, don saiwarsa ba ta son dashe. Ƙasa ta kasance da laima, kada ta yi caɓi. Cikin kwana 7 zuwa 14 zai huda ƙasa. In shiru, ki tona da yatsa: ruɓaɓɓen iri, ruwa ya yi yawa; ramin wayam, ɓera ko tsuntsu ya riga ki, sai ki lulluɓe wurin da raga.

Ranar shukar ki kafa masa ƙirare ko raga, domin yana fitar da 'yan zaruruwan da yake kamawa ya hau. Akwai gajere da bai wuce rabin mita ba sosai, akwai dogo mai kai mita biyu. Ban ruwa a gindi, musamman lokacin fure.

Kamar mako uku bayan fure kwanso yake cika. Ki fara tsinka daga ƙasa, hannu ɗaya riƙe da kara, duk bayan kwana biyu ko uku, don in aka bar kwanso ya tsufa a jiki shukar tana rage yin sabo. Kada ki ajiye shi ya daɗe, zaƙinsa yana komawa sitaci da wuri.

Wani abin da nake so game da fis, furensa kansa yake yi wa barbara, shi ya sa masanin kimiyya Gregor Mendel ya zaɓe shi wajen bincikensa kan yadda 'ya'ya ke gadon kamannin iyaye, wanda ya wallafa a 1866. Ribarki a nan, irin da kika ɗauka zai fito kamar uwarsa. Ki bar wasu kwansuna su bushe a jiki har sai kin girgiza kin ji ƙwayoyin suna ƙara, sannan ki ɓare ki adana a wuri mai sanyi marar laima.