Me Ya Sa Alƙaluman Dutsen 2024 YR4 Suka Yi Ta Canzawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. A farkon 2025 an yi ta labarin wani dutsen sararin samaniya, 2024 YR4, wai zai iya faɗo wa duniya a 2032. Yau a ce girmansa mita 40, gobe a ce 90. A ce hatsarin ya ƙaru, kwana kaɗan a ce babu komai. Shin masanan sun san abin da suke faɗa kuwa? Daga wani malamin makaranta, Gusau.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Sun sani, sai dai abin da suke faɗa shi ne iyakar da awonsu ya kai a wannan ranar, kuma wannan bayani ne labarai kan yanke.

Mu fara da girma. Na'urar hangen nesa ta ATLAS da ke ƙasar Chile ce ta gano dutsen ranar 27 ga Disamba, 2024, kwana biyu bayan ya wuce mu. A hoto ba a ganin siffarsa, ɗigon haske ne kawai, kuma hasken ba nasa ba ne, na rana ne yake mayarwa. Matsalar ke nan. Ajiye ƙaramin alli da babban gawayi a nesa, haskensu zai iya zuwa maka daidai. Dutse mai haske yana mayar da kusan kashi 25 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa, baƙi kuwa kashi 5 kawai. Idan aka sa na farko a lissafi sai a samu mita 40, na biyu kuma mita 90. Ba ƙaramin bambanci ba ne, domin idan faɗi ya ninka sau biyu da 'yan kai, nauyi yana ninkawa fiye da sau goma. Maganin shi ne a auna zafin da dutsen yake fitarwa, wanda ya fi dogara ga girma a kan launi. Na'urar hangen nesa ta James Webb da ke sararin samaniya ta yi haka a Maris 2025, ta samu tsakanin mita 53 da 67.

Sai falaki, wato hanyar da dutsen yake bi wajen zagaye rana. Ana ɗaukar hoton sama sau da yawa a dare ɗaya, a auna inda ɗigon yake a tsakanin taurari, a tura wa cibiyar tattara bayanan waɗannan duwatsu da ke Amurka. Daga nan ake fitar da lambobi shida da suke bayyana hanyarsa. Wannan dutse yana zagaye rana cikin kimanin shekara huɗu, to awon 'yan makonni guntu ne ƙwarai a wannan doguwar hanya. Kuskure ɗan mitsitsi a yau, idan aka ja shi shekara takwas gaba, sai ya zama dubban ɗaruruwan kilomita.

Shi ya sa ba wuri ɗaya ake bayarwa ba, layi ake ja a ce zai ratsa wani wuri a kansa. A ce tsawon layin ya kai faɗin duniya ɗari, kuma duniya na kansa, hatsari kashi 1 ke nan. Awo ya ƙaru, layin ya gajarce zuwa talatin, duniya tana nan a kai, sai hatsarin ya haura kashi 3, alhali dutsen bai sauya hanya ba. Ya sake gajarcewa, sai ya bar duniya a waje. Haka aka yi: kashi 3.1 ranar 18 ga Fabrairu, 2025, kafin ƙarshen watan kuma ya koma kusan sifili.

A ganinmu wanda ya fi cancantar damuwa shi ne dutsen da ba a hango ba. Wanda ya fashe a saman birnin Chelyabinsk a Rasha, mai kimanin mita 20, ta ɓangaren rana ya ɓullo ranar 15 ga Fabrairu, 2013, inda na'urorin ƙasa ba sa iya dubawa. Mutum kusan 1,500 suka ji rauni, yawancinsu gilasan tagogi ne suka yanke su.

Tambaya: Akwai wanda za mu iya gani da idonmu? Daga wata ɗaliba, Maraɗi.

Amsa: Akwai Apophis, mai kimanin mita 340. Ranar Juma'a da dare, 13 ga Afrilu, 2029, zai wuce kilomita kusan 32,000 daga doron ƙasa, wato ƙasa da taurarin ɗan'adam masu kawo talabijin da ke kilomita 36,000. Awon radar na Maris 2021 ya tabbatar ba zai same mu ba cikin shekara ɗari. Afirka na cikin inda za a gan shi. Ki fita bayan gari inda babu fitilu, ki nemi tauraro matsakaicin haske, marar wutsiya, wanda yake sauya wuri a hankali a tsakanin sauran.