Tambaya da Amsa: Shin bas ɗin da ake kira ta waya zai rage wahalar mazauna bayan gari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Abuja, amma ina zaune a Masaka, kuma kowace safiya sai na hau babur zuwa bakin titi kafin na shiga kokawar samun mota. Na ji an ce a wasu ƙasashe hukuma na da ƙananan bas da ake kira ta waya su ɗauki mutum kusa da gidansa. Shin wannan tsari zai yi mana amfani, musamman ga mahaifina da ba ya iya hawa babur? Daga wani mai karatu a Masaka, Jihar Nasarawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Abin da ka ji gaskiya ne. Tsarin ya bambanta da shatar mota irin ta Bolt, domin a nan kwamfuta ce ke haɗa fasinjojin da suka nufi ɓangare ɗaya a mota guda, kuɗin da mutum zai biya ya ɗara na bas kaɗan amma bai kai na tasi ba, hukuma kuma ta cike giɓin.

Wannan cikon shi ne ya kayar da tsarin a Helsinki, babban birnin Finland, inda aka gwada shi da sunan Kutsuplus da motoci 15 kacal. Fasinjoji sun yaba, amma aka rufe shi a ƙarshen 2015 saboda abin da hukuma ke kashewa a kan kowace tafiya ya yi yawa. Garin Innisfil na Kanada ya haɗa kai da kamfanin shatar mota na Uber a 2017 maimakon sayen bas, sai ya zama duk lokacin da masu hawa suka ƙaru kuɗin tallafi ma ya ƙaru, har aka ƙayyade yawan tafiyar da mutum zai yi a wata.

Saboda haka ra'ayina shi ne tsarin ba zai warware matsalar titin Keffi zuwa Abuja ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Mararaba da ƙarfe shida na safe, ya ga yadda ake rububin ƙofar mota tun ba ta gama tsayawa ba, ya san cewa dubban mutane ne ke nufar wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Irin wannan taro manyan bas yake buƙata, masu tashi a kan ƙayyadadden lokaci, da layinsu na musamman da cunkoson Nyanya ba zai riƙe su ba. Jirgin ƙasan birnin Abuja da aka sake buɗewa a Mayun 2024 ya bi ta Idu da Kubwa da filin jirgin sama, bai leƙo ɓangarenku ba, alhali tun cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ke cinye albashi.

Inda motar kira za ta yi rana shi ne tsakanin lungun unguwa da bakin titi, wato daidai tazarar da ke hana mahaifinka fita. Tsoho da mai juna biyu da mai keken guragu su ne babur ya bari a gida. Amma dole a iya kiran motar da ƙaramar waya ba sai da intanet ba, ta kasance mai ƙasa-ƙasan matakala da wurin ajiye keken, direbanta kuma ya zama mai rajista, domin ɓarayin da ke fakewa da motocin haya sun sa mutane tsoron shiga motar da ba su sani ba.

Kafin hukuma ta waiwayo, ku haɗu da maƙwabta masu irin wannan lalura ku yi yarjejeniya da mai Keke Napep guda da aka san gidansa, ku tsayar masa da ranakun asibiti da na kasuwa, ku riƙa biyansa a ƙarshen mako.