Zare yana cukurkuɗewa a ƙarƙashin yadi, keken ne ya lalace?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kekena Butterfly ne na ƙafa. Tun da na canza allura zare yake tsinkewa, kuma yana cukurkuɗewa a ƙarƙashin yadi. An ce gidan kwarkwaro ne ya saki, in ɗaure notinsa. Ga ɗinkin mutane a hannuna, Sallah ta matso. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, kwantar da hankalinki, ki fara duba allurar. Allurar irin wannan keken, wadda ake kira HAx1, gindinta shafaffe ne ta gefe ɗaya. Gefen nan dama zai kalla, dogon tsagin ya kalli hagu, ki tura ta sama har ta tokare kafin ki ɗaure. Zaren kuwa daga hagu yake shiga kafar allura ya fita ta dama. Idan ta juya, ƙugiyar ƙasa ba za ta cafki zaren daidai ba, sai tsallake da tsinkewa. Allura lamba 14 ta wadatar a atamfa, 16 a shadda mai kauri.

Sai ki zare zaren gaba ɗaya ki sake zurawa, ƙafar da ke danne yadi a ɗage, hannun da ke jan zare sama yana can ƙololuwa. Ɗaga ƙafar ne yake buɗe farantan tenshan, wato 'yan farantan da ke matse zaren sama. In kika zura tana ƙasa, zaren a bakinsu zai kwanta bai shiga tsakiya ba. Ki bar jela kamar santimita 10, ki juya wilin hannu ta wajenki sau ɗaya, zaren ƙasa ya fito.

Shi kuma wanda ya ce ki ɗaure noti, Allah ya shirye shi. Kullum sai an kawo mana keken da aka illata ta wannan hanya. Wai tunda a ƙasa zare ya taru, laifin na ƙasa ne. Ba haka ba ne! Abin da ya cukurkuɗe ɗin zaren SAMA ne da bai sami mai riƙe shi ba, ya zube ƙasa. Sa jan zare a sama, fari a kwarkwaro, ki ɗinka ƙyalle, idonki zai gaya miki. Amma ina, sai a ɗauko wuƙa ko reza a yi ta murɗa ɗan notin nan har bakinsa ya cinye, ƙarfen da ke danne zaren ya lanƙwashe. Daga nan ɗinki ya fara tattarewa, a kira wani ɗan na-iya, ya ce taimin ne, wato daidaiton motsin allura da ƙugiyar ƙasa, ya goce, ya kwance abin da lafiyarsa ƙalau, ya karɓi kuɗi.

In an riga an taɓa notin, ki ɗaga gidan kwarkwaron ta zarensa ki ɗan fizga. Ya kamata ya sauko kaɗan ya tsaya. In ya ƙi motsi, sassauta da kwatan juyi ki sake gwadawa.